Turke a tsaye yake, ita kuwa crossbar a kwance take

Daren Juma'a, 2 ga Yulin 2010, duk gidan kallon da ka leƙa a Kano, daga Fagge har Gwale, sai ka rantse Ghana ce ƙasarmu. Ana gasar kofin duniya, Najeriya ta dawo gida tun a zagayen rukuni, sauran ƙasashen Afirka ma kowa ya kama gabansa, Ghana kaɗai ta rage tana fafatawa da Uruguay. Da ci ɗaya da ɗaya aka shiga ƙarin lokaci. Ana dab da tashi Luis Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon da ta riga ta kama hanyar raga, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, ya ba Ghana fanareti. Asamoah Gyan ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya narka mata ƙafa. Sai ta daki ƙarfen da ke saman raga ta yi sama abinta. A gidan kallon da nake, wuri ya yi tsit, ban da wani yaro a bencin gaba da yake ta maimaita wa kansa, "Kurosba ta daka, wallahi kurosba ta daka."

Washegari na je gaida kawuna. Idonsa ya yi rauni tun shekarun baya, saboda haka duk ƙwallonsa a rediyo yake jin ta, kuma abin da ya ji a labarin wasanni shi ne Gyan ya buga ta daki turke. Bayan mun gaisa ya ce, "Kai ɗan nan, wanne turken ta daka, na dama ko na hagu?" Na ce, "Kawu, ba ko ɗaya, na sama ne." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Turke kuma a sama? Yaushe aka fara kafa turke a sama?"

Tun daga ranar wannan tambaya take bina, domin gaskiya ce da shi.

Kalmar crossbar ta Ingilishi ce, haɗin kalmomi biyu. Ta farkon tana nufin gicciyewa ko gittawa, ta biyun kuma miƙaƙƙiyar sanda, ta itace ko ta ƙarfe. In an haɗa su, ana nufin duk sandar da aka kwantar a gicciye tsakanin abubuwa biyu da ke tsaye. Ba ruwan kalmar da aikin da sandar take yi. Siffarta kawai ta kalla. Shi ya sa Bature yake kiran ƙarfen saman raga da wannan suna, ya kira ƙarfen tsakiyar keke da shi, ya kira sandar da ake tsallakewa a wasan tsalle da shi, har ma da ɗan layin da ke tsakiyar harafin H. Bahaushe kuwa ya fi son raɗa wa abu suna daga aikinsa: maratayi, madogara, majingina, marufi, madatsa. Ka ji sunan ka san amfanin abin. To a nan ne ake samun tangarɗa duk sanda aka ce lallai sai an nemo kalmar Hausa guda ɗaya da za ta ɗauke duk kayan da crossbar ta ɗauka. Babu ita, kuma ba wani gibi ba ne a harshenmu. Kowane wuri da sunansa.

A bakin samarin Kano kalmar ta zama kurosba, wasu ma sun datse ta zuwa ba kawai. Ƙwallon da ta wuce ta sama kuwa oba ce.

Wannan oba ɗin ita ce ta fara koya wa yawancinmu amfanin sandar, tun kafin mu taɓa ganin ta. Duk wanda ya buga ƙwallon layi ya san ragar da ba ta da sama. Duwatsu biyu ne ko silifa biyu, a auna tsakaninsu da taku, kowane ɓangare na sa ido kada a rage masa ko a ƙara. Faɗi ba ya kawo rigima sosai, tunda dutse yana nan ana gani. Tsawo ne matsala. Ƙa'idar da yara suka yarda da ita, ba tare da wani ya rubuta ba, ita ce iya inda hannun gola zai kai idan ya yi tsalle. Kenan idan golanku gajere ne ragarku gajera ce, idan dogo ne ta ƙara tsawo. Da zarar an ɗaga ƙwallo sama da kai sai musu ya kaure, waɗannan na cewa ci ne, waɗancan na cewa oba ce, a yi ta rantse-rantse har mai ƙwallo ya ji haushi ya ɗauke abarsa, ko a kira magariba kowa ya watse. Idan unguwa ta ɗan ci gaba sai a kafa gora biyu a ɗaura igiya a sama. Ita ma igiyar ba ta kashe magana, domin tsakiyarta na saki, kuma idan ƙwallo ta taɓa ta ba wanda zai iya cewa ta ƙasa ta bi ko ta sama.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne manyan mutanen da suka tsara wasan a Ingila sun bi ta wannan hanya tiryan-tiryan. Dokokin farko da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta rubuta a 1863 sun ce a kafa turaku biyu, yadi 8 tsakaninsu, amma ba su ce komai a kan tsawo ba. Ko ƙwallo ta tashi sama da bishiya, muddin tsakanin turakun ta bi, an ci. A 1866 aka ce a ɗaura ƙyalle mai kamar ɗamara daga turke zuwa turke, ƙafa 8 daga ƙasa. Igiyar unguwarmu kenan, da duk matsalolinta. A 1875 aka halatta sa sanda mai ƙarfi, a 1882 kuma aka wajabta ta. Ita ragar da muke kiran wurin gaba ɗaya da sunanta, ai ita ce autarsu. Wani injiniya ɗan Liverpool mai suna John Brodie ne ya ƙirƙiro ta, kuma sai a 1892 aka fara sa ta a wasan ƙarshe na kofin FA. Har gobe dokar wasa cewa ta yi ana iya ɗaura raga, ba ta ce dole ba. Turaku biyu da sandar sama su ne dole.

Mai son ganin yadda ƙwallon 1863 take, ya je filin folo na Kano ranar gasa. Turakun folo ma yadi 8 ne tsakaninsu, kuma babu komai a samansu. Duk tsawon da ƙwallo ta yi, in dai tsakani ta bi, ci ne. Shi ya sa ake tsayar da mutum a bayan turakun da tuta a hannu, aikinsa kawai ya ɗaga kai ya duba.

A yau ma'aunin a fayyace yake. Tsakanin turaku mita 7.32, daga ƙasa zuwa gefen sandar na ƙasa mita 2.44. A lura, gefen ƙasa ake aunawa, ba tsakiyar sandar ko samanta ba. Kaurin sandar da na turakun dole ya zama ɗaya, kada ya wuce santimita 12, layin raga ma faɗinsa ya zama daidai da nasu, kuma duka a shafa musu farin fenti. Idan sandar ta karye ko ta goce ana cikin wasa, a tsaya sai an gyara. In ba ta gyaru ba, wasa ya tashi. Dokar ta ambaci igiya da sunanta ta ce ba a yarda ta maye gurbin sanda ba. A 1998, a filin Real Madrid, raga guda ta faɗi kafin a take wasa da Borussia Dortmund, aka zauna fiye da awa ɗaya ana jiran a kawo wata daga filin atisaye. Ba wanda ya ce a ɗaura igiya a yi maneji.

Akwai ƙananan hukunce-hukunce biyu da ake yawan musu a kansu a gidajen kallo. Na farko, ƙwallon da ta daki sanda ta dawo fili tana cikin wasa, kowa na iya binta, in ban da mutum ɗaya: wanda ya yi bugun da aka ci gaba da wasa da shi bayan an tsaya, kamar fanareti ko bugun tazara. Idan ta dawo masa daga sanda ba tare da gola ko wani ɗan wasa ya taɓa ta ba, ya sake sa mata ƙafa, to ya taɓa sau biyu kenan, sai a ba abokan hamayya bugun tazara. Sau da yawa na ga ana zagin alƙalin wasa a kan wannan alhali yana kan daidai. Na biyu, masu ƙididdigar wasa ba sa lissafa ƙwallon da ta daki sanda ta dawo a cikin harin da ya nufi raga. A wurinsu sandar ba cikin raga take ba, iyakar raga ce. Ga ɗan wasan da ƙwallonsa ta kuskure da faɗin yatsa biyu wannan hukunci da ɗaci, amma da ma aikin da aka sa sandar ta yi kenan, ta raba ciki da waje.

Sai dai ita ma da aka kawo don ta kashe musu, ta haifi nata, kuma ya fi na igiya daɗewa. Dalilin yana cikin siffarta. Yawancin sandunan yau masu zagaye ne ko masu siffar ƙwai. Idan ƙwallo ta daki rabin sama sai ta tashi ta fita. Idan ta daki tsakiya sai ta dawo wa wanda ya buga. Idan kuwa ta daki rabin ƙasa, sai ta nufo ƙasa da ƙarfi, kuma gogar da ta yi da ƙarfen yana sa ta juyawa kamar katantanwa. Wannan juyin ne yake sa ta dira a cikin raga amma ta yi tsalle ta fito waje maimakon ta ƙarasa ciki. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido. Doka kuma ta ce sai ƙwallo gaba ɗayanta ta tsallake layi gaba ɗayansa. Ƙwallo faɗinta wajen santimita 22 ne, saboda haka tana iya dira a bayan layi alhali wani ɓangare na cikinta yana saman layin, kuma hakan ba ci ba ne. Mataimakin alƙalin wasa yana can gefen fili, sau da yawa ma gudu yake yi bai iso daidai layin ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kima ba ta wadatarwa, mudun ake bukata.

Ranar 30 ga Yulin 1966, a wasan ƙarshe na kofin duniya a Wembley, Ingila da Jamus ta Yamma suna biyu da biyu a ƙarin lokaci, Geoff Hurst ya buga ƙwallo ta daki ƙasan sanda ta dira ta fito. Alƙalin wasa, Gottfried Dienst ɗan Suwizalan, bai gani ba, sai ya je wurin mataimakinsa Tofiq Bahramov, mutumin Azarbaijan, shi kuma ya nuna an ci. Ingila ta ɗauki kofin da ci 4 da 2, kuma har yau shi ne kaɗai gare ta. Jamusawa ba su taɓa yarda ba, har suna suka raɗa wa irin wannan ƙwallo da sunan filin. Bayan shekara 44, a gasar nan dai da Gyan ya daki sanda, kwana biyar kafin nasa, ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a Bloemfontein. Jamus na gaba da 2 da 1, Frank Lampard ya ɗaga ƙwallo ta daki ƙasan sanda ta dira can cikin raga, ta juyo ta fito, gola ya cafke ya ci gaba da wasa. Mu da muke zaune a Kano mun gani a maimaici, alƙalin da ke cikin fili bai gani ba. Wannan kuskure ne ya karya taurin kan hukumar FIFA. A 2012 aka amince da na'urar da ke lura da layin raga, galibi kyamarori ne da ke kewaye da kowace raga, su aika saƙo zuwa agogon alƙali cikin daƙiƙa ɗaya. A gasar 2014 aka fara aiki da ita a kofin duniya. Mu dai a nan, ranar da Sai Masu Gida suke wasa a Ƙofar Mata, idon mai tuta ne har yanzu abin dogaro, shi ya sa nake ganin ya kamata 'yan kallo su riƙa yi masa uzuri a irin wannan ƙwallo.

Siffar sandar ma kanta ta taɓa zama abin kuka. A 1976 Saint-Étienne ta Faransa ta buga wasan ƙarshe na kofin Turai da Bayern Munich a Glasgow, a filin da sandunansa masu kusurwa huɗu ne. Sau biyu 'yan Faransa suna dukan sandar sama ƙwallo na dawowa, aka ci su ɗaya da nema. Magoya bayansu sun tsaya a kan cewa da mai zagaye ce da ƙwallon ta zame ciki. Shekaru da yawa bayan haka kulob ɗin ya je ya sayo waɗannan sanduna ya ajiye a gidan tarihinsa.

To mu bar fili mu hau titi, domin kafin yawancin gidajen Kano su san kurosbar raga sun san ta keke. Kafin acaɓa, kafin A Daidaita Sahu, keke ne abin hawan malamin makaranta da masinja da ɗan kasuwar da ke zuwa Kurmi daga bayan gari. Raleigh ta Ingila ce sarauniya, Phoenix ta Sin ta biyo baya da sauƙin kuɗi. Ƙarfen da ya taso daga ƙasan sirdi ya miƙe zuwa wuyan keke, shi ma crossbar ne a Ingilishi. Ni dai abin da na tashi ina ji a bakin manya da masu gyara shi ne sandar keke. Ainihin aikinta riƙe jikin keken ne. Idan ka kalli keken maza daga gefe za ka ga kusurwa uku-uku guda biyu a manne, kuma wannan siffa ita ce ba ta lanƙwasa da sauƙi. Sandar ce take rufe ta gaban. Shi ya sa za a ɗora buhun masara a kariya, a rataya jarka biyu, keken ya ɗauka.

Amma mu ba a nan muka tsaya da ita ba. Ita ce kujerar yaro. Yara da yawa a kanta suka fara ganin gari, a zaune a karkace, ƙafafu a gefe ɗaya, hannu riƙe da tsakiyar kan keke, ƙirjin uba a bayansu yana haki idan an zo hawa. Uba mai kula yakan naɗe ta da tsumma ko ya ɗaura ɗan matashi don kada ta ci wa yaro cinya. A jikinta ake rataya jakar littattafai, a jikinta ake ɗaure laima ko fartanya. Yaron da ya karɓo keken haya kuwa, ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba, sai ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar ya tuƙa a karkace, keke ya kwanta gefe shi ya kwanta ɗaya gefen. Ranar da ya iya ɗaga ƙafa ya haye ta sama, ranar ya san ya girma. Mai babbar riga sai ya tattare ta ya saɓa kafin ya hau. Keken da muke kira na mata kuwa, bambancinsa kenan: an sauko da sandar ƙasa ko an cire ta, don mai zane ko siket ta shiga ba sai ta ɗaga ƙafa ba. Dattawa da yawa ma sun gane ya fi musu sauƙi.

Idan aka koma baya fiye da keke, Kano ta san sandar gicciye tun zamanin da ake rufe gari da dare. Kowace ƙofa ta badala da ƙyaurenta da sarkin ƙofarta, kuma wanda ya je Gidan Makama zai ga irin nauyin waɗannan ƙyamare. Gungumen da ke gicciye a ƙofar gari sunansa gagara-badau. Yau kusan kowa a kirari ya san kalmar, ana faɗa wa sarki ko jarumin da ba a iya kayarwa, an manta da cewa asalinta sunan katako ne. Ga shi nan kuma, daga aiki aka raɗa sunan: abin da ya gagara. A ƙofar ɗaki muna da sakata. A rufin soro muna da azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Maginan gargajiya sun san abu ɗaya game da azara wanda zai yi mana amfani a gaba: idan tazarar da za ta haye ta yi yawa, tsakiyarta sai ta saki. Don haka ne idan ɗaki ya yi faɗi suke ɗaura bakan gizo maimakon su shimfiɗa ta miƙe.

Sauran ma'anonin ba sa bukatar dogon zama. A wasan tsalle, sandar da ake ɗorawa a kan turaku biyu ita ma sunanta kenan, sai dai ita ana so a bi ta samanta ba tare da ta faɗo ba. Javier Sotomayor na Kuba ya tsallake mita 2.45 a 1993, kuma har yau ba wanda ya karya wannan tarihi. Ka tsaya a ƙarƙashin raga ka ɗaga kai, mutumin nan ya haye abin da ya fi gefen sandar nan na ƙasa da santimita ɗaya. A wasan zari-ruga ma ta sama ake so ƙwallo ta bi. A rubutun boko, ɗan layin da ke gicciye a A da H da t shi ma haka masu ɗab'i suke kiransa. Injiniyoyin tarho kuma suna da tsohuwar na'urar haɗa kira mai wannan suna, ƙarafa ne a jere wasu a tsaye wasu a kwance, duk inda biyu suka gitta ana iya haɗa mai kira da wanda ake kira. An yi aiki da ita a Suwidin da Amurka tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma dabarar tana nan a cikin na'urorin da ke rarraba saƙon intanet.

Na dawo kan tambayar kawu. Turke abu ne da ake kafawa a ƙasa, a ɗaure doki ko rago. Tsayuwa ita ce turke. Don haka kiran ƙarafan gefe biyu turaku ya yi daidai ƙwarai, kuma duk wanda ya fara kawo kalmar cikin sharhin ƙwallo ya iya Hausa. Kuskuren shi ne jan ta a rufe na saman da ita. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, ƙwallo dai ba ta shiga ba. Ba ɗaya ba ne. Wadda ta daki turke, ɗan wasa ya kuskure saiti ne zuwa gefe. Wadda ta daki sandar sama kuwa, ko dai ya kwantar da jikinsa baya, ko ya shiga ƙarƙashin ƙwallon da yawa, ko kuma ya hango gola ya fito ne ya so ya ɗaga masa ta kai. Labari biyu ne daban, gyaran da koci zai yi ma daban. Mai kallon talabijin ba ruwansa, gani ya kori ji. Amma direban da ke kan hanyar Zariya, da mai shagon da ba zai iya barin shago ba, da dattijo irin kawuna, kalmar mai sharhi ita ce idonsu. Idan aka ce musu turke, an zana musu hoton da ba shi ne ya faru ba.

Masu sharhin wasanni na Hausa sun yi aikin da ya cancanci yabo. Su suka ba mu bugun daga kai sai mai tsaron gida, da satar gida, da bugun kusurwa, da bugun tazara, kalmomin da suka zauna daram kamar da su aka haifi wasan. Kuma suna zaune lafiya da 'yan aro, gola da mai tsaron raga, rafali da alƙalin wasa, kwana da kusurwa. Ban ga laifin yaro ya ce kurosba a fili ba, harshe da ma haka yake ci. Abin da nake roƙo shi ne a rubutu da rediyo a tsaya a kan sandar sama, ko ƙarfen sama, a bar wa na gefe turke. Gajere ne, ana iya faɗarsa da sauri ana tsakiyar hari, kuma ko wanda bai taɓa shiga fili ba zai gane. Gagara-badau ta yi nauyi a ce ita ce sunan yau da kullum, amma ranar da ƙwallo ta daki sandar nan sau biyu ko uku a wasa ɗaya, mai sharhin da ya yi mata wannan kirari bai yi ƙarya ba.

Akwai kuma abin da ya fi suna damuna, shi ne halin da sandunan suke ciki a filayen makarantu da na unguwanni. Bututun ƙarfen da ake sayowa a Ƙofar Ruwa galibi bai kai mita 7 ba, don haka dole mai walda ya yi joni. Mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya haɗa biyu a tsakiya, wato daidai inda nauyi ya fi taruwa, matsalar nan dai da maginan azara suka sani. Yara kuma ba sa ganin sandar nan su ƙyale ta, sai sun yi lilo. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga tsakiyar ta sauko kamar bayan tsohon jaki. Golan da ya shekara biyar yana atisaye a irin wannan raga ya saba da rufin da hannunsa ke kaiwa ba wahala, ranar da aka kai shi gwaji a fili mai cikakken ma'auni sai a riƙa ɗaga masa ƙwallo ta kai, a ce ba shi da tsalle. Ɗan gaba shi ma ya saba danne ƙwallo fiye da kima. Mafi muni ita ce ragar da ba a kafa turakunta da kyau ba, an dai jingina ta ko an tura ƙafafun cikin yashi. Nauyinta duk a sama da gaba yake, yaro ɗaya ya rataya tana iya kifowa a kansa, kuma ƙarfe ne. Dokar wasa da kanta ta ce kowace raga, har da ta ɗauka-ka-ajiye, dole a kafe ta da ƙasa.

Gyaran bai fi ƙarfin kulob ɗin unguwa ba. A sayi bututu mai kauri, a sa mai walda ya kawar da jonin daga tsakiya zuwa kusa da turke, ya zura wani guntun bututu a ciki kafin ya like. A haƙa rami a zuba wa turakun kankare. A shafa farin fenti, domin ɗan wasan da ke gudu da gefen ido yake ganin raga, kuma ƙarfe mai tsatsa ɓacewa yake yi a cikin ƙurar hunturu. In an zo awo kuma, kada a tsaya a jikin turaku kawai, nan kullum daidai yake fitowa. A kai tef ɗin tsakiyar raga, daga ƙasa zuwa gefen sandar na ƙasa, a ga ko mita 2.44 ɗin tana nan.